Wayoyin ofis na intanet sun ƙi jituwa da kamfanin layi: laifin wa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Muna da ofishin sayar da tikitin jirgi a Kano. Na sayo wayoyin tebur masu aiki da intanet guda takwas, waɗanda aka taɓa amfani da su, biyar Cisco, uku Yealink, sannan muka ɗauki layi wajen wani kamfani. Cisco ɗin sun ƙi hawa layin sam. Yealink suna aiki, amma in an kira mu, mai kiran yana jin mu, mu ba ma jin sa, kuma bayan kamar rabin minti kiran ya yanke. Mai kaya ya ce kayansa lafiya lau, kamfanin ma haka. Wa ke da gaskiya?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji. Ta yiwu dukkansu gaskiya suka faɗa maka. Yawancin wayoyin nan suna magana da kamfanin layi ne ta wata ƙa'ida da ake kira SIP, wadda aka fitar da tsarinta na yanzu a 2002. To amma SIP kamar Hausa ce: Bakano da Basakkwace duk Hausa suke yi, ka haɗa su a ciniki kuwa sai wata kalmar ta ba su wahala.

Mu fara da Cisco. Tsofaffin samfurinsu irin 7940 da 7960 da yawa suna zuwa ne da manhajar SCCP, wato harshen Cisco na kansa, wanda aka yi don na'urar raba kira ta Cisco. Ana iya sauya musu manhaja zuwa ta SIP, sai dai aiki ne na wanda ya saba. Sababbi kamar 7800 da 8800 kuma iri biyu ne, akwai na manyan kamfanoni, akwai waɗanda aka yi don layin kowa, kuma mayar da na farko zuwa na biyu sai da lasisi. Ka juya wayar ka karanto lambar da ke ƙasanta don ka san wane iri ce. In kuɗin gyaran ya kusa na sabuwar Grandstream ko Yealink, ni dai sai in ce ka mayar wa mai su.

Matsalar Yealink ɗin ta fi sauƙi, kuma alamun biyu uwarsu ɗaya. A kiran intanet, saƙon haɗa kira yana bin ƙofa ta 5060, murya kuma tana bin wasu ƙofofin daban. Wayarka tana bayan rauta, wato na'urar da ke raba intanet a ofis, da adireshin cikin gida irin 192.168.1.20, wanda ba wanda ya san shi a waje. Idan wayar ta ba kamfanin wannan adireshin, muryarku za ta fita, ta mai kira kuma ta rasa hanyar shigowa. Shi kuma rabin minti ɗin, in ka sa agogo za ka ga daƙiƙa 32 ne. Bayan ka ɗaga waya, tana jiran tabbaci daga kamfanin cewa an ga amsarta; in bai iso ba cikin wannan lokacin, sai ta ajiye da kanta.

Ka shiga saitin rautar ka kashe abin da aka rubuta SIP ALG. An yi shi ne don taimako, amma ɓarnarsa ta fi amfaninsa. Daga nan ka tambayi kamfanin adireshin STUN (na'urar da ke gaya wa waya adireshinta na waje) ko na wakilin fitar da kira da za a sa wa wayoyin. Idan intanet ɗin ofis ta sim ce, ka sani kamfanonin salula sukan tara mutane da yawa a bayan adireshi ɗaya, buɗe ƙofa a rautarka ba zai amfana komai ba. A nan sai ka roƙi kamfanin ya ba ka shiga ta TCP ko TLS, wato wasu hanyoyin daban na aika saƙon haɗa kira.

Akwai saura da za su iya ɓullowa nan gaba. Tsarin murya na G.711 kashi biyu ne, na Amurka da Japan daban, wanda muke bi da Turai daban, kuma wayar da ta fito daga ofisoshin Amurka takan zo da nasu a matsayin zaɓin farko. Kowane kira a G.711 yana cin kusan kilobit 87 a daƙiƙa, a wani tsarin muryar mai suna G.729 kuma kusan 31. Haka nan in ana cewa "danna ɗaya" ka danna ba a ji ba, ka mayar da saitin maɓallai kan RFC 2833. Wasu kamfanonin kuma sai lamba ta fara da +234 suke karɓa.

Kafin ka ƙara sayen ko waya ɗaya, ka karɓi jerin samfuran da kamfanin ya gwada a rubuce, ka tabbata wayar ba a ƙulle take da tsohon kamfaninta ba. Ka ɗauki guda ɗaya ka gwada ta kwana biyu a kan intanet ɗin ofishinka: kira mai fita, mai shigowa, da tura kira zuwa wani tebur, ɗaya daga ciki kuma ya haura minti 30.