Ku Tambaya Mu Amsa: Ranar Farko a Ajin Ingilishi na Ƙananan Yara a Yamai

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni malama ce daga Sakkwato, na samu aiki a wata makaranta mai zaman kanta a Yamai, zan koya wa yara 'yan shekara biyar zuwa bakwai Ingilishi. An ce aji zai kai yara 30, darasi kuma minti 30 ne. Faransanci gaisuwa kawai na iya, Zabarmanci kuwa ko kalma ɗaya. Don Allah me zan yi a ranar farko?

AMSA: Wa alaikumus salam Malama, barka da zuwa Yamai, Allah ya sa ki fara a sa'a.

Ki fara sanin yaran da za ki tarar. A makarantun gwamnati na Nijar, sai yaro ya shiga kwaleji, ajin siziyem, wato ajin farko na sakandare, yake haɗuwa da Ingilishi. Makarantun kuɗi ne ke farawa tun daga ƙananan azuzuwa, iyaye kuma na nema, balle tun da kundin tafiyar da mulkin ƙasar da aka zartar a watan Maris na 2025 ya sa Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki. Yaron ajin CI, wato ajin farko na firamare, da Zabarmanci ko Hausa ya taso a gida, yanzu yake kokawa da Faransanci, ga ki kuma da harshe na uku. Saboda haka ki bar littafi a jaka ranar nan. Abin da za ki nema shi ne yara su san fuskarki, ki kama sunayensu, su kuma gane alamar da ke nufin a yi shiru.

Ki je lakwal ɗin, wato makarantar, tun ana gobe. Ki gaida darekta da mai gadi, sannan ki nemi mushe ko madam, wato malami ko malama mai ajin. Ki karɓi jerin sunaye, ki tambayi lokacin fita hutu, inda ban-ɗaki da ruwan sha suke, da wanda aka yarda ya ɗauki yaro in an tashi. Ki roƙi mai ajin ta zauna a baya ko da minti goma ne na farko, domin yara suna auna baƙo da idon wanda suka saba da shi. Ki kuma haddace kalmomi huɗu na Zabarmanci: "fofo" sannu, "kaa" zo, "goro" zauna, "hari" ruwa. Yaron da ya fashe da kuka ba zai ji Ingilishi ba, amma zai ji "kaa, goro".

Kayan aiki ba su da yawa: alli, ƙwallo mai laushi wadda za ki iya naɗawa da tsumma, hotuna uku manya da na ƙarshen aji zai hango, da katin suna na kowane yaro. Kwali za ki yanka kamar faɗin tafin hannu, ki rubuta suna da manyan baƙaƙe, ki ninka shi ya tsaya a kan tebur. In kin tarar da Fati uku da Abdul huɗu a aji ɗaya, ki tambayi madam sunan da ake kiran kowannensu a gida.

Ki tsaya a bakin ƙofa, ki sunkuya daidai tsawon yaro, ki ce "hello" kina ɗaga hannu, ɗaya bayan ɗaya suna shiga. Minti biyar ke nan. Minti biyar na gaba na alamar shiru ne, kuma a ganinmu babu abin da ya fi ta muhimmanci a yinin gaba ɗaya. Ki tafa sau uku, su tafa sau uku, kowa ya ɗora hannu a ka. Ki gwada, ki bar su su ɗan yi surutu da gangan, ki sake tafawa. A yi haka sau huɗu ko biyar har ya zama wasa. Malamar da ta tsallake wannan, ihu za ta koma yi, kafin Laraba muryarta ta dishe, yara kuma su koyi cewa ba a yin shiru sai an ɗaga murya.

Sai sunaye. Ki dafa ƙirjinki ki ce "my name is" da sunanki, ki miƙa wa yaro ƙwallo ya faɗi nasa. Miƙawa muka ce, ba jifa ba. Da zarar ƙwallo ta tashi sama, aji ya watse. A nan sababbin malamai ke faɗawa rami: yara 30, kowane ya ci daƙiƙa 20, minti goma ke nan cur, kuma tun kan yaro na takwas sauran sun fara tsunkulin juna. Ki yi da yara goma kawai, aji duka na amsawa da "hello" da sunan yaron, ki ce saura sai gobe.

Daga nan a motsa jiki. "Stand up", ki miƙe. "Sit down", ki zauna. Kada ki fassara, jikinki ne fassarar. Ki yi a hankali, ki yi da sauri, ki faɗa sau biyu a jere don ki ga wanda ke sauraro da wanda ke kwaikwayon maƙwabcinsa. Ki ɗaga hotunan nan uku, abubuwan da suka sani, kamar akuya, kifi da mota, kowane ki faɗi sunansa sau uku su maimaita. Ki rufe da 'yar waƙar ban-kwana, wadda za ki riƙa rufe kowane darasi da ita. Kalmomi shida ko bakwai sun wadatar, kuma kada wani aiki ya wuce minti bakwai ba ki sauya ba.

Za ki ga yaron da ya ƙi buɗe baki. Kada ki tsayar da shi gaban aji. In ya miƙe da kika ce a miƙe, ya gane. Wasu sukan yi makonni suna tarawa a kunne kafin magana ta fito.

TAMBAYA: Malam ne ni daga Kano, an ɗauke ni aiki a Tawa. Na yi niyyar fara musu da ABCD a allo. Ko akwai matsala?

AMSA: Akwai, Malam, ka dakata tukuna. Yaran nan suna koyon sunayen baƙaƙen da Faransanci a hannun mushensu, kuma wasu sunayen sun yi musaya. Abin da Bafaranshe ke kira "ji" shi ne J, a Ingilishi kuwa "ji" G ne. Sunan E a Ingilishi daidai yake da sunan I a Faransanci. Yaro ɗan shida da aka ba shi biyun a mako guda zai cakuɗa su, mushe ya ga laifinka, iyaye su ce ka rikita musu ɗa. Ka ba kunne da baki wata ɗaya ko biyu kafin rubutu, in ka zo ga baƙaƙe kuma ka fara da sautinsu cikin kalmar da suka riga suka iya faɗa.

Ka duba kayensu ma, wato littattafan rubutunsu. A tsarin karatun Nijar rubutun haɗe ake koyarwa, ana ja wa 7 layi a tsakiya, 1 kuma da dogon baki. Ka daidaita hannunka da nasu a tablo, wato babban allon aji. Ka kuma ci moriyar ardwaz, ɗan allon hannu da yara ke zuwa da shi: ka ce "fish", kowa ya zana, ka ƙwanƙwasa tebur, a ɗaga sama. Cikin daƙiƙa biyar ka ga wanda ya gane a aji duka.

Yaran Hausa sukan ce "fen" maimakon "pen". Ka riƙe guntun takarda a gaban leɓenka ka furta P su ga ta yi tsalle, sannan ka raba musu su gwada.

TAMBAYA: Tun da yawancin yaran suna jin Hausa, laifi ne in yi musu bayani da ita?

AMSA: A Tawa kusan kowa zai ji ka. A Yamai kuwa akwai yaran Zabarmawa da za ka bari a baya, su ga kamar ka zaɓi wasu. Ka ajiye Hausa don abu uku: rarrashin mai kuka, raba faɗa, da maganar ruwa ko ban-ɗaki. In ka saba fassara kowace jimla, yara za su daina sauraron Ingilishin, su jira Hausar da ke biye. Ka kuma tambayi darekta tun farko, domin wasu makarantun suna da ƙa'idarsu a kan harshen da ake yi a aji. In darasinka ya faɗo bayan hutun safe, ga zafin watan Oktoba, ka bar su su sha ruwa su zauna minti biyu kafin ka tafa.