Mutuwar yatsu bayan aikin bawul ɗin zuciya

'Yar'uwa, sannu da jinya, Allah ya ba Baba lafiya. Kin ce mako 3 ke nan da canza masa bawul ɗin zuciya (ƙofar da ke hana jini komawa baya), ƙaramin yatsansa na hagu da mai bi masa sun mutu, ko kofi ba ya riƙewa da kyau, kina tsoron ko shanyewar ɓarin jiki ce.

Abin da kika kwatanta ya fi kama da rauni a jijiyar da ke kai saƙon ji da motsi zuwa hannu. A yawancin irin wannan aiki, kafin a kai ga zuciya sai an raba ƙashin ƙirji, a tale shi da ƙarfe na tsawon sa'o'i. Talewar nan tana tura haƙarƙarin farko, wani lokaci har ya tsage, sai ya danne ko ya ja jijiyoyin da suka taso daga wuya suka gangara hannu. Rassan ƙasa su suka fi shan wahala, kuma su ne ke kai saƙo ga yatsun nan biyu. Dannuwar gwiwar hannu a kan gadon tiyata ma takan jawo haka. Galibi yakan warware cikin makonni ko 'yan watanni. Jijiyar da ta ji rauni sosai kuwa, kimanin milimita 1 take tofowa a rana, don haka sai an yi haƙuri.

Ku sanar da likitan da ya yi aikin. Akwai gwajin da ake auna gudun saƙo a jijiya, wanda ya fi nuna gaskiya daga mako 3 zuwa sama. Kafin nan a riƙa lanƙwasa yatsun ana miƙe su kullum don kada su sandare. Kada ya dogara da gwiwar hannun, kada a ja shi ta hannu wajen tayar da shi, kuma kada ya ɗauki abin da ya wuce kilo 5 sai ƙashin ya haɗe, wajen mako 6 zuwa 8. Don Allah kada a gasa hannun da ruwan zafi, zai ƙone bai ji ba. In yana shan warfarin, maganin hana jini daskarewa, kada a haɗa masa da ibuprofen ko diclofenac, suna jawo zubar jini.

Amma in baki ya karkace, magana ta sarƙe, ko hannu ya saki farat ɗaya, ku garzaya asibiti nan take. Haka ma in hannu ko ƙafa ta yi sanyi, ta ɗashe, ga azabar ciwo: wataƙila gudan jini ne ya toshe hanya, kuma in aka wuce kamar sa'a 6 ana iya rasa gaɓar.