Salgarka da rijiyar maƙwabcinka

Ɗana, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, saƙonka ya iso. Ka ce a makarantarku ta Gwadabawa ana koya muku lafiyar muhalli da adalcin muhalli, kana so ka ji ko iyaye da kakanni sun san da su a al'ada, ko kuwa baƙin ilimi ne. Ka kuma tambayi abin da ya sa tsofaffi ke tada jijiyar wuya duk ranar da wani zai haƙa salga jikin katangar maƙwabcinsa.

Sun san da su ƙwarai, sai dai ba su raba su gida biyu ba. Na farkon ya ƙunshi duk abin da ke kewaye da mutum wanda zai iya kwantar da shi: ruwan sha, iskar ɗaki, inda bayan gida ke tafiya, juji, sauro da ƙuda, ƙurar wurin sana'a. Likita yana jiran mara lafiya ya zo, shi kuwa ma'aikacin wannan fanni hanyar da cutar ta biyo yake nema ya toshe. Na biyun tambaya ce: idan ƙazanta ko guba dole sai an ajiye ta wani wuri, a ƙofar wa ake ajiye ta, wa ke cin ribar aikin da ya haife ta, kuma an shawarci mutanen wurin ko ba a shawarce su ba? Duka biyun kuwa suna cikin maganar salgar da ka kawo.

Abin da ke cikin ramin salga ba a nan yake tsayawa ba. Ruwansa yana tsiyaya ƙasa har ya tarar da ruwan da rijiyoyi ke sha, daga nan ya bi gangare. Ƙasa tana tace shi, ƙwayoyin cuta suna mutuwa a hanya, amma sai an ba su tazara. Ƙa'idar ita ce mita 30 tsakanin salga da rijiya, wato kimanin taku 40 na babban mutum, rijiya ta wajen tudu, salga ta wajen gangare. Gindin ramin kuma ya tsaya aƙalla mita ɗaya da rabi zuwa biyu a saman inda ruwa ke kaiwa. Inda mutane ke faɗawa shi ne da rani suke haƙa, lokacin da ruwa ya yi nisa, sai magini ya yi ta zurfafawa yana ganin busasshiyar ƙasa. Da Agusta ta yi, ruwan ya taso ya haɗe da abin da ke cikin ramin. Saboda haka wanda gidansa ke kusa da fadamar Rima, ya leƙa rijiyoyin maƙwabta a ƙarshen damina ya auna inda ruwa ya kai, da wannan awon zai yi lissafi. Idan ruwan yana kusa ainun, ba a zurfafawa. Ana ɗaga ginin ne, rabin ramin ya kasance a bisa ƙasa, a yi masa matakala. A ƙasa mai rairayi kuma dole a ɗaure bakin ramin da bulo, aƙalla mita ɗaya daga sama, in ba haka ba ruwan sama ya cinye gefensa ya rufta, wani lokaci da mutum a kai.

To, yi wannan lissafin. Fuloti mai ƙafa 50 kan 100 kimanin mita 15 kan 30 ne, yanzu kuwa rabinsa ake yankawa a sayar. Ke nan ba yadda za a yi mai gida ɗaya ya cika ƙa'idar shi kaɗai. Ko ya nisanta sokawe daga rijiyarsa, ya kusanta shi da ta maƙwabci. Mafita sai an zauna an shirya: bayan gidajen su haɗa baya a layi ɗaya, rijiyoyi da burtsatse su koma ɗaya ɓangaren. Dalilin tada jijiyar wuyan ke nan. A al'ada ba ka sa diga a ƙasa sai ka gaya wa wanda kuka haɗa katanga. In kun saɓa, magana ta je gaban mai unguwa, in ta gagara a dangana da alƙali.

Alƙalin ma ba da ka yake hukunci ba. Hadisi ya ce ba cuta ba cutarwa, kuma malaman Malikiyya sun yi dogon bayani a kan cutar da maƙwabci: hayaƙin gidan wanka da na tanderu, warin majema, indararon da ke zuba a gidan wani, salgar da ke jiƙa katangar wani. Sun bambanta cutar da ka zo ka tarar da wadda aka ƙirƙiro maka bayan kana zaune, ita ta biyun ana kawar da ita. Akwai kuma hadisin da ya hana bayan gida a wurare uku: mashayar ruwa, tsakiyar hanya, da inuwar da mutane ke hutawa. Lura da cewa dukansu wurare ne na kowa da kowa. Daga wannan tushe ne rijiya ta samu hurumi, aka bar burtali da mashaya, ba mai noma su.

Toka da ake zubawa a salga da murfin da ake kifawa daidai ne, suna rage wari da ƙuda. Wanda zai sa bututun iska kuwa, ya nemi mai faɗin inci 4 zuwa 6, ya zarce rufi da rabin mita, a ɗaure bakinsa da raga. A irin wannan ba a rufe bakin ramin, saboda ta nan iska ke shiga ta fita ta bututu, kuma ana barin ɗakin da ɗan duhu domin ƙuda ya bi hasken bututu ya maƙale a raga. In ragar ta yage, aikin ya tashi a banza. Baƙin mai da wasu ke tuttulawa don kashe wari, rijiya zai tafi. Fon yara kuma a salga ake juye shi. Cewa kashin jariri ba shi da cuta kuskure ne babba, kuma shi ne ake watsarwa a kan juji inda kaji da yara ke wasa.

Rijiya tana son abu huɗu: baki a ɗage kamar zuwa ƙugu, daɓen siminti kewaye da 'yar magudana mai kai ruwa nesa, murfi, da guga ɗaya tak da ake ratayewa. Kowa ya zo da gugansa ya aje a taɓo, to ƙasar tafin ƙafar unguwa ce ake sha. Amma sau da yawa ruwa a gida yake lalacewa. Randa tana sanyaya ruwa, sai dai moɗar da yaro ke tsomawa har wuyan hannu ita ce ƙofar cuta. A sa mai dogon mariƙi, ko a koma bokiti mai famfo. Alif yana kwantar da laka ne kawai, ba ya kashe komai. Bayan ya kwanta sai a tafasa har ya yi minti ɗaya yana ɓararraka, ko a sa maganin ruwa a jira minti 30. A shekarar 2021 amai da gudawa ya kama fiye da mutum 100,000 a Nijeriya, ya kashe sama da 3,000, Sakkwato na cikin jihohin da suka ji jiki, kuma wannan cuta hanyarta ɗaya ce, daga bayan gida zuwa baki.

Ga kuma inda bin al'ada ido rufe yake cutarwa. A da, juji dukiya ne. Toka ce da kashin awaki da ƙaiƙayi, da rani a loda wa jakai a mangala a kai gona. Jujin yau leda ne da batir da robar maganin feshi da allurar kemis. Ka kai shi gona ka shuka guba, ka cinna masa wuta unguwa ta kwana tana tari. Dole sai an ware tun daga gida: mai ruɓewa gefe guda don taki, saura a kai inda hukuma ta tanada. Haka kududdufi. Ramin da aka ɗebi ƙasar gini ne, yana haifar da sauro, domin kwana bakwai zuwa goma sun ishi ƙwai ya zama sauro mai tashi. Amma shi ke shanye ruwan unguwa ranar da aka yi mamako. Yanzu ana cike shi da shara a yanka fuloti, mai sayarwa ya karɓi kuɗinsa, ruwa kuma ya shiga ɗakunan mutanen gangare. In za a cike kududdufi, a fara gina magudanar da za ta ɗauki aikinsa.

Kada kuma ka ɗauka komai na da adalci ne. An tura majema da mahauta gefen gari domin jama'a su huta, amma ba wanda ya tambayi lafiyar su masu tsayuwa cikin ruwan jima da iyalansu. Matar da ke wuni gaban murhu a rufaffen madafi ta fi kowa shan hayaƙi, ita da goyonta. Zamanin En'e an yi duba-gari masu leƙa randa da salga suna cin tara, gari ya yi tsafta, amma a wannan zamanin ne dokar Turawa ta ce a bar fili mai yadi 440 ba gini tsakanin unguwarsu da ta 'yan ƙasa, don kare lafiyarsu su kaɗai.

Babban misali kuwa ba nesa yake ba. An gama dam ɗin Bakalori a kan Gulbin Sakkwato kusa da Talatar Mafara a 1978, lokacin duk jihar Sakkwato ce. Ruwa ya ci garuruwa da gonakin dubban mutane, wasu kuma aka karɓe gonakinsu na shekaru ana gyaran filin ban ruwa. Da manoma suka tare hanyoyi suna neman diyya, a Afrilun 1980 'yan sanda suka far musu, aka rasa rayuka da yawa. Akwai kuma waɗanda ba a ma lissafa da su ba, wato manoman fadama da masunta na ƙasan dam, waɗanda shinkafarsu da kifinsu ambaliyar kowace shekara ce ke rayar da su. Ambaliyar ta ragu, abincinsu ya ragu, ba wanda ya zo musu da takardar diyya.

Sai gubar dalma ta Zamfara a 2010, a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum. Duwatsun zinariya ake kaiwa cikin gida ana daka ana niƙa, alhali suna cike da dalma. Ƙurar ta kwanta a tsakar gida, yara masu rarrafe suna kai hannu baki, fiye da 400 suka mutu. Likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suna da maganin fitar da gubar daga jini, amma ba ya amfani idan yaro zai koma gidan da ya ɗauko ta, don haka sai da aka kankare ƙasar saman gidajen aka zuba sabuwa tukuna. Zinariyar ta tafi kasuwannin duniya, ƙurar ta zauna a Bagega da Dareta. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Sunan adalcin muhalli da kuke karantawa a makaranta daga Amurka ya taso, inda a 1982 baƙaƙen fata na wata gunduma a jihar Karolina ta Arewa suka kwanta a kan titi don hana a binne ƙasa mai guba a yankinsu. A nan gida kuma, sharar gubar da aka kawo daga Italiya aka jibge a garin Koko na jihar Delta ta yanzu a 1988 ita ta sa aka kafa hukumar kare muhalli ta tarayya, wadda hukumar NESREA ta gaje ta a 2007. Dokar 1992 ta wajabta a binciki illar duk wani babban aiki kafin a fara shi, ana kuma baje rahoton na kwana 21 na aiki domin jama'a su duba su yi magana. A ganina a nan ake zaluntar mutanenmu: rahoton da Turanci yake, a ofis yake, manomin da abin zai shafa kuwa sai ya ga katafila. Ku da kuka yi karatu, ku nemo shi ku karanta wa mutane a ƙofar mai unguwa kafin wa'adin ya cika.

In kuma ɓarnar ta riga ta auku, ihu ba ya isa. A rubuta ranar da abin ya fara, gidajen da ya shafa, yaran da suka kwanta da abin da ke damunsu, a ɗauki hoto. A fara da mai abin cikin mutunci, sannan mai unguwa da hakimi, sannan takarda zuwa sashen lafiya na ƙaramar hukuma, a riƙe kwafi mai hatimin karɓa. Idan ruwa ake zargi, a karɓo kwalbar gwaji daga ɗakin gwajin, kada a wanke robar lemo a ce ta isa. Kada yatsa ya taɓa bakinta ko cikin murfinta, a bar ɗan sarari a sama, a rubuta wuri da lokaci a jikinta, a sa ta cikin kula mai ƙanƙara, a kai ta cikin awa shida. A zafin Sakkwato, ruwan da ya wuni a but ɗin mota sakamakonsa ba hujja ba ne a gaban kowa.

Ka gaida mahaifiyarka da ƙannenka.

Baffanka