Google Play ya dawo mini da manhajata saboda talla, ina na kuskure?

Tambaya

Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne, ina zaune a Gwale, cikin Kano. Na haɗa wata manhaja ta azkar da addu'o'i da fassarar Hausa, ta kusa shekara a Google Play. Na sa mata tallan AdMob (tsarin Google na sa talla a manhajoji) mai cika allo: ɗaya in an buɗe manhajar, ɗaya kuma duk sanda aka danna wata addu'a. Makon jiya na tura sabuntawa, sai aka dawo mini da ita, wai tallan nawa yana katse wa mutane hanzari. Ga shi kuma gwaggota ta ce ta ga tallan caca a ciki, ni kuwa wallahi ban sa ba. Wani abokina ya ce in riƙa sa 'yan gidanmu suna danna tallan don kuɗin ya taru da wuri. Ina kuma so in kai manhajar tawa App Store, kasuwar manhajojin Apple. Malam a taimaka da bayani.

Amsa

Wa alaikumus salam ƙanina. Allah ya saka maka da alheri a kan wannan aiki. Zan fara da maganar abokinka, don ita ce mafi gaggawa: kada ka yi. In ma an fara, a daina yau. AdMob yana kallon irin wannan a matsayin dannawar bogi, kuma ganewa ba ta yi masa wuya. Wayoyi biyar ko shida daga unguwa ɗaya, wataƙila a kan intanet ɗaya, kullum su ne masu danna talla, ba sa sayen komai, ba sa sauke komai. Ƙaramin hukunci shi ne a rage yawan tallan da ake turo maka, babba kuma a rufe asusun, kuɗin da ka tara a mayar wa masu tallan. Kai kanka ma, in kana gwada manhajarka, ka yi amfani da tallan gwaji da AdMob ya tanada, ko ka yi rajistar wayarka a matsayin wayar gwaji. Na san abin da ke jan matasa: sai kuɗi ya kai dala 100 ake biya, mutum yana kallon dala 12 ta ƙi motsi. Amma ka tuna akwai ɗan kasuwar da ke biyan kuɗin kowace dannawa, kuma cin kuɗinsa ta wannan hanya ha'inci ne, ko da ba a kama ka ba.

To, yanzu ga dalilin da ya sa aka dawo maka da sabuntawar. Tun ƙarshen watan Satumba na 2022 Google ya tsaurara ƙa'idarsa a kan tallan da ke cika allo. Ainihin abin da ya hana shi ne talla ya faɗo wa mutum ba zato, a daidai lokacin da ya zaɓi yin wani abu daban. Ka duba tsarinka da wannan ma'auni. Mutum ya danna "Addu'ar fita daga gida". Me ya nema? Addu'ar. Me ya samu? Bidiyon talla. Wannan shi ne laifin, ba ƙari ba ragi. Haka a wasannin waya: ba a yarda talla ya fito a farkon mataki ba, ko ana tsaka da wasa. Tallan bidiyo mai cika allo da ke fitowa tun kafin shafin farko na manhaja ya bayyana, shi ma an hana. Sannan duk tallan da ya cika allo ya katse wa mutum abin da yake yi, dole ya zama ana iya rufe shi bayan daƙiƙa 15. AdMob kuma yana da nasa sharaɗin a kan wannan: kada a sa irin wannan talla a lokacin buɗe manhaja ko lokacin fita daga cikinta, kuma kada ya zama kowace dannawa talla ne. Ga mai son talla a lokacin buɗewa, akwai wani nau'i na daban da aka ware don haka, yana da nasa tsarin.

Ni dai ina goyon bayan wannan ƙa'ida, kuma ba don Google ne ya kafa ta ba. Wata rana bayan sallar Asuba a masallacin unguwarmu, wani dattijo a gefena ya ciro waya zai karanta azkar. Masallaci shiru, kowa na lazimi. Yana dannawa sai kiɗa ya tashi da ƙarfi. Ya rasa inda zai taɓa, yatsansa na rawa yana neman ɗan alamar rufewa da ta ɓuya a lungun allo, a ƙarshe ya danne wayar a cikin babbar riga har sautin ya mutu. Kunyar da na gani a fuskar bawan Allahn nan ba ta bar ni ba. Ga kuma datar da bidiyon ya cinye masa, mutumin da wataƙila ta ɗari biyu ya saya don ta kai shi kwana biyu. Wanda ya haɗa manhajar bai nufi haka ba, na tabbata. Bai dai zauna ya hango wa zai buɗe ta, a ina, kuma da wane lokaci ba.

Ba cewa aka yi ka cire talla gaba ɗaya ba. Gurbinsa za ka gyara. Ɗan siririn tallan nan da ke zama a ƙasan allo ba ya cikin abin da aka hana, matuƙar ba ka manna shi jikin maɓallan da ake dannawa ba, yadda yatsa zai zame kansa bisa kuskure. Mai cika allo kuwa a ajiye shi sai an kai gaɓar da mutum ya gama abin da ya kawo shi, misali ya kammala azkar ɗin safe duka zai koma babban shafi, kuma ka iyakance yawan fitowarsa, AdMob yana da wurin saita hakan. Akwai kuma tallan tukuici, wanda mutum da kansa yake zaɓar kallo don a buɗe masa wani abu, kamar sauke sautin wata addu'a. Wannan ƙa'idar daƙiƙa 15 ba ta hau kansa ba, tunda da yardarsa ya shiga. In shawarata za ka bi, shafin da nassin addu'a ko aya yake ka bar shi fes, ko siririn ma kada ka sa. Wannan ba dokar Google ba ce, ra'ayina ne. Kuɗin zai ragu a farko, amma mutane za su daina goge manhajar bayan kwana biyu, kuma wanda ya zauna da kai shekara ya fi maka amfani a kan wanda ya kalli talla uku ya gudu.

Sai maganar gwaggo. Na yarda ba kai ka zaɓi tallan cacar ba, amma a wurin Google tallan da ya fito a manhajarka ɓangare ne na manhajarka, kai za a tambaya. Ba a karɓar uzurin cewa kamfanin talla ne ya turo. Ƙa'idar ta ce dole tallan ya dace da matakin shekarun da aka ba manhajar. In ka cike tambayoyin Play Console, wato shafin da kake kula da manhajarka a Google Play, aka ba ka matakin "kowa da kowa", sannan tallan manya ya fito, ka karya doka ko da kana barci aka turo shi. A nan Kano kuwa, tun kafin Google ya yi magana mutane za su yi. Gwaggonka ta faɗa maka ne don kai nata ne, wani gogewa kawai zai yi, ya kuma gargaɗi na kusa da shi.

Maganin yana cikin asusunka na AdMob, a sashen toshe tallace-tallace. Da farko ka saukar da matakin abin da aka yarda a nuna. Matakan huɗu ne, G da PG da T da MA, kai G za ka zaɓa, wato na kowa da kowa. Daga nan ka shiga rukunan da ake kira masu tsauri ka toshe caca, giya, neman abokan soyayya, da masu alƙawarin kuɗin dare ɗaya. Ni da zan ƙara da tallan bashin waya, saboda ruwan da ke ciki da kuma irin tozarcin da wasunsu suka yi wa mutane a ƙasar nan, har ta kai Google ya sharɗanta wa manhajojin bashi a Najeriya samun amincewar hukumar FCCPC mai kare haƙƙin masu saye. Bayan haka akwai wurin da ake nuna maka ainihin tallan da suka fito a manhajarka ɗaya bayan ɗaya. Ka mayar da shi al'ada, ko sau ɗaya a mako, ka zauna ka duba, ka toshe duk wanda bai kwanta maka ba. Tacewar ba ta kama komai, wani mai tallan yakan saka kansa a rukunin da ba nasa ba. Idan kuma ka haɗa wasu kamfanonin talla ban da AdMob, kowanne sai ka shiga nasa ka saita.

Akwai wasu laifukan da ban ga alamar ka yi ba, amma gara ka sani. Ba a yarda talla ya fito a wajen manhajar da ta kawo shi ba. In ka zauna awa ɗaya wurin masu gyaran waya a Farm Centre za ka ga an kawo waya ana cewa ta kamu da cuta, talla na faɗowa ko kira ake amsawa. Mai gyara ya bincika, sai ya tarar wata manhajar tocila ce ko ta share datti. Wannan haramun ne a Play. Haka tallan da ke kwaikwayon saƙon wayar kanta, irin "wayarka ta cika, danna nan", da sa talla a allon kulle in ba aikin manhajar ke nan ba. Kuma ka tabbata a Play Console ka amsa cewa manhajarka na ɗauke da talla, ka cike sashen tsaron bayanai da gaskiya. Yawancin masu farawa suna rubuta cewa ba sa tattara komai, alhali kayan AdMob da suka saka suna ɗaukar lambar talla ta wayar da wasu bayanai. Abin da suka ɗauka kai ka ɗauka.

Wannan zai ƙara nauyi ranar da ka ce za ka saka lokutan salla da alƙibla, don a nan za ka nemi izinin sanin inda mutum yake. Ba a yarda ka nemi wannan izini don talla kawai ba, in kuma za a yi amfani da shi wajen talla sai ka bayyana ƙarara. A ƙarshen 2020 an yi ta ce-ce-ku-ce bayan rahotanni sun nuna wasu manhajoji, har da na salla, suna miƙa bayanan wuraren masu amfani da su ga wani kamfani mai suna X-Mode, har Apple da Google suka umarci masu manhajoji su cire kayansa. A gida ma muna da dokar kare bayanan jama'a ta 2023, da hukumar NDPC mai kula da ita.

Tambaya ɗaya da ba ka yi ba, amma manhajar addu'o'i ba ta tsere mata: yara na cikin waɗanda ka yi wa ita? In ka ce eh a Play Console, ko zanenta da launinta suka nuna ta 'yan Islamiyya ce, ka shiga ƙa'idar iyali. A can sai kamfanonin tallan da Google ya lamunta don yara, babu tallan da ke bin ɗabi'ar mai waya, kuma wa'adin rufe talla daƙiƙa 5 ne, ba 15 ba.

Game da App Store, abin da ka gyara a nan zai yi maka rabin aiki. Apple ma yana so talla ya nuna kansa talla ne, maɓallin rufewa ya zama babba a bayyane, kuma ya dace da shekarun masu amfani. Ya ƙara da cewa talla ya tsaya a cikin ainihin manhaja, ban da sanarwa da ƙananan akwatunan fuskar waya, kuma a ba mutum hanyar kai ƙarar tallan da bai dace ba. Babban bambancin shi ne tun fitowar iOS 14.5, wata sigar tsarin wayoyin iPhone, a watan Afrilun 2021, ba ka da ikon bibiyar mutum don talla sai ka tambaye shi ya amince, kuma ba a yarda ka hana shi amfani da manhajar don ya ƙi ba. Ka yi lissafi kafin ka shiga: Google dala 25 ka biya sau ɗaya, Apple dala 99 ne duk shekara. Masu karanta azkar da Hausa mafi yawansu Tecno da Infinix da itel ke hannunsu, ba iPhone ba. Ni da zan ce ka dakata tukuna.

Saƙon da aka turo maka kuwa, ka sake karanta shi a natse, yakan ambaci ƙa'idar da aka karya, wani lokaci har da hoton shafin. Dawo da sabuntawa ba rufe asusu ba ne, tsohuwar manhajarka galibi tana nan. Haɗarin yana cikin sake turawa ba gyara, ko buɗe sabon asusu don kauce wa hukunci, domin laifi in ya maimaitu yakan kai ga dakatarwa, kuma asusun da aka gano suna da alaƙa tare ake rufe su. Ka cire tallan daga kan danna addu'a, ka cire na buɗewa, ka ɗaga lambar sigar, ka tabbata babu tsohuwar siga mai laifin da ta rage a layukan gwaji na Play Console, sannan ka tura. Kafin ka tura ɗin, ka kai wa gwaggo wayar, ka zauna gefenta ta karanta azkar ɗin yamma daga farko har ƙarshe, kai kuma kana kallon allon.