Amsa: Wane irin kan jirgin ƙasa ne ke aiki yanzu?

Malam, ka tambayi bambancin kan jirgin da ke jan fasinja da ƙaramin nan mai kai da kawowa a cikin tasha.

Na Abuja zuwa Kaduna dizal yake sha, amma injin janareta yake juyawa, wutar ce ke tura injinan lantarki da ke jikin ƙafafunsa. A Najeriya, mai lantarki zalla sai layin Blue Line na Legas.

Ƙaramin kuwa na shantin ne. Aikinsa jera taragu, ya cire wannan ya haɗa wancan. Ba shi da gudu, sai ƙarfin ja. Matsalarsa santsi: in dogo ya jiƙe ko mai ya zuba, ƙafa ta yi ta juyawa a banza, sai direba ya saki yashi ta bututun gaban ƙafar ta kama.