Tambayi Likitan Dabbobi: Shin tsohon kare zai iya koyon sabon abu?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. An ba ni kare mai shekara 8. Ina so in koya masa ya riƙa zuwa idan na kira shi, ya kuma daina daka wa baƙi tsalle, amma abokaina sun ce wahalar banza nake, wai icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Gaskiya ne?

Amsa: Wa'alaikumus salam Malam. Ba wahalar banza kake ba. Abin da ke da ƙayyadajjen lokaci shi ne sabo, domin daga mako 3 zuwa wajen mako 14 da haihuwa ne kwikwiyo ya fi saurin sabawa da mutane da ƙararraki da sauran dabbobi. Koyon umarni kuwa ba ya ƙarewa sai ran da kare ya mutu. A 2016 masu bincike a Viyana, babban birnin Ostiriya, sun fitar da sakamakon gwajin da suka yi wa karnuka 95 jinsin Border Collie, daga ɗan wata 5 har mai shekara 13, inda kare ke zaɓen hoto a allon kwamfuta da hancinsa. Manyan sun fi daɗewa kafin su gane, amma da aka sake gwada su bayan wata 6, ba su gaza ƙananan wajen tunawa ba.

Kiran zai zo maka da sauƙi. Ka tsaya taku biyu daga gare shi a wurin da babu hayaniya, ka kira sunansa sau ɗaya tak, yana isowa ka miƙa masa ɗan guntun nama nan take, kafin daƙiƙa biyu. In ka tsaya lalube a aljihu, ba zai san ladan mene ne ba. Minti biyar sau biyu ko uku a rana ya isa, kana ƙara tazara a hankali. Tsallen ne zai gwada haƙurinka, don ya shekara da shekaru yana yi ana kula shi. Duk wanda ya shigo ya juya masa baya, kada a yi masa magana sai ƙafafunsa huɗu sun sauka ƙasa. Idan mutum ɗaya a gidan ya ci gaba da shafa shi yana tsalle, aikin sauran ya rushe.

Tambaya: Likita, karyata ta kai shekara 10. Da in na ce ta zauna sai ta zauna, yanzu sai dai ta zuba min ido. Taurin kai ne na tsufa?

Amsa: Hajiya, da wuya kare ya tashi da taurin kai rana tsaka. Ki lura da ita da safe: tana tashi da ƙyar? Tana ɗari-ɗari da matakala? In ta zauna tana karkatar da ƙugu gefe guda? Waɗannan alamun amosanin gaɓɓai ne, kuma zaman da kike nema zafi yake mata. Sai ki gwada kunnenta: ki tafa hannu a bayanta inda ba ta ganinki. In ko gezau ba ta yi ba, ji ne ya ragu, sai ki koma yi mata umarni da alamar hannu, karnuka ma sun fi saurin ɗaukar wannan. Ki kai ta a duba ta. Amma don Allah kada ki ba ta maganin ciwon jiki na mutane irin ibuprofen ko diclofenac, suna huda mata ciki su kuma lalata ƙoda.

Tambaya: Ba duka ne ya fi saurin gyara babban kare ba?

Amsa: A'a. Tsoronka kawai zai koya, kuma kare mai ciwo da aka ɗaga wa hannu ya fi kusa da cizo.

Tambaya: Karenmu shekararsa 13. Ya fara fitsari a ɗaki, abin da bai taɓa yi ba, da dare kuma yana ta zagaye yana haushi, wani lokaci ya shige lungu ya kasa fitowa. Mu sake masa horo ne daga farko?

Amsa: Asibiti tukuna, horo daga baya. Fitsarin kaɗai yana iya zama ciwon suga, ko ciwon ƙoda, ko ƙwayar cuta a mafitsara, musamman in ya ƙara shan ruwa. Gwajin jini da na fitsari za su raba gardama. Sai dai yadda kuka haɗa shi da yawon dare da maƙalewa a lungu ya sa na fi zargin gigin tsufa, wanda ke kama da Alzheimer, cutar mantuwa ta mutane, har wani furotin mai suna beta-amyloid da ke taruwa a ƙwaƙwalwa iri ɗaya ne. Ba baƙon abu ba ne: wani bincike da aka buga a Amurka a 2001 ya samu alamunsa a kashi 28 cikin 100 na karnuka masu shekara 11 zuwa 12, da kashi 68 na masu 15 zuwa 16.

Ba ya warkewa, amma ana rage masa gudu. Akwai maganin selegiline da likita kan rubuta, da abincin da aka haɗa musamman don tsofaffin karnuka. A gida kuma, ku riƙa fitar da shi fitsari akai-akai, ku yi masa lada in ya yi a waje, kamar yadda ake yi wa kwikwiyo. Kada ku canza wa kujeru da kwanon ruwansa wuri, ku bar masa ƙaramar fitila da dare. Da rana a fita da shi ɗan yawo ya sha rana, a ɓoye masa abinci a ƙarƙashin kofi ya nemo da hanci, don ya gaji ya samu barcin dare. Yi masa faɗa ba shi da amfani a nan, shi kansa bai san ya yi ba. In kuma kuka ga ya daina cin abinci, ko yana faɗuwa, ko ya karkatar da kai gefe guda, ku kai shi a ranar, kada ku jira.