Ku Tambaya: Fili a Bakin Dilimi

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Maigidana ya samu fili mai sauƙin kuɗi a bakin kogin Dilimi, wajen unguwar Rikkos. Fadama ce, amma dillali ya ce tifa goma ta jar ƙasa ta isa a cike ta. Ni dai hankalina bai kwanta ba. Me ka gani?
Maman Hanifa, Jos.

Amsa: Wa alaikumus salam, Maman Hanifa. Gara da hankalinki bai kwanta ba, don araha ba ta ado.

Na tabbata da rani aka kai shi. A lokacin Dilimi ba ta da wani kwarjini, ɗan siririn ruwa ne cike da ledoji da robobi, yaro ma ya tsallake. Ina ƙarami nakan bi kawuna lambunsa a gefen kogin nan. Ko a watan Maris, in ya sara fartanya kamu ɗaya, sai ka ga ruwa na tsattsafowa a ramin. Fadama ke nan, kamar soso take. Garinmu kan dutse yake, ruwan sama ba ya samun wurin nutsewa, sai ya gangaro kwari. Fadamar ce ke shanye shi, ta riƙa sakinsa kaɗan-kaɗan. In an cike ta, ruwan bai fasa zuwa ba. Ko ya faɗa gidan maƙwabci, ko ya jiƙe tushen gininku har bango ya tsage.

Mutanen Rikkos ba su manta da watan Yulin 2012 ba, daren da ambaliya ta rusa gidaje ta ci rayuka fiye da 30. Allah ya jiƙansu. Ruwan nan fa ba na wasa ba ne, shi ke ratsa jihar Bauchi ya bi ta Jama'are har dausayin Haɗeja da Nguru.

Ki lallaɓi maigida, kada ya biya ko sisi sai Agusta. Ya je bayan an ɗauke ruwa mai ƙarfi, ya dubi katangun maƙwabta, zai ga layin laka inda ruwa ya tsaya. Ya tambayi 'yan lambu, su ba kamasho suke jira ba. Sannan ya bincika a ma'aikatar filaye ko an yarda a yi gini a wurin.

In kuwa ya riga ya biya, to ya ajiye zancen bulo, ya nemi irin kabeji da karas.